Kwaikwayon osileta mai bin tauraron ɗan'adam a manhaja

Kwaikwayon osileta mai bin tauraron ɗan'adam a manhaja hanya ce da injiniyoyi da masu binciken awon lokaci ke bi don gwada agogon da GPS ke yi wa gyara a cikin kwamfuta, kafin a ƙera shi ko a sauya masa saiti. Na'urar da ake kwaikwaya an fi saninta da GPSDO. Tana haɗa agogo biyu ne wuri guda: osileta ta gida, wato na'urar da ke kaɗawa da wani ƙayyadadden sauri, da kuma lokacin da ke saukowa daga taurarin ɗan'adam. Osileta ta gida tana da natsuwa a gajeren lokaci amma tana kaucewa a hankali, yayin da siginar GPS ke rawa daga sakan zuwa sakan amma ba ta kaucewa a dogon lokaci. Ingancin na'urar ya dogara ne ga yadda aka raba aiki tsakanin su biyun. Gwada wannan rabo a kan na'ura ta zahiri na iya cin makonni, amma a manhaja yana ɗaukar sakanni kaɗan.

Asali

An harba tauraron GPS na farko a shekarar 1978, kuma Amurka ta bayyana cewa tsarin ya kammala fara aiki a shekarar 1995. Taurarin suna zagaya duniya a nisan kusan kilomita 20,200, kowanne yana ɗauke da agogon ƙwayar zarra. Lokacin GPS ya fara ƙirga daga ranar 6 ga Janairu, 1980. Tun da ba a ƙara masa sakan na tsallake, yana gaba da lokacin duniya na UTC da sakan 18 tun farkon shekarar 2017.

Na'urar karɓar GPS ba ta iya sanin inda take sai ta lissafa lokaci daidai, domin haske yana tafiyar kusan santimita 30 a cikin nanosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. Saboda haka kowace na'urar karɓa agogo ce. Waɗanda aka ƙera don aikin lokaci suna fitar da bugun lantarki ɗaya a farkon kowane sakan, wanda ake kira 1PPS. A shekarun 1990 kamfanonin sadarwa masu amfani da tsarin CDMA suka fara sanya irin waɗannan agogo a tashoshinsu, kuma samfura irin su HP Z3801A da Trimble Thunderbolt suka yaɗu. A watan Mayu na shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta daina gurɓata siginar farar hula da gangan, abin da ya rage rawar lokacin GPS ƙwarai. Yau akwai na'urorin da ke karɓar GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na ƙasar Sin, amma sunan GPSDO ya ci gaba da bin su.

Sassan na'urar

GPSDO tana da manyan sassa guda biyar, kuma kowane kwaikwayo dole ya wakilce su:

Na'urar karɓa da eriyarta, wadda ke fitar da bugun 1PPS.

Osileta ta gida, wadda galibi ke kaɗawa sau miliyan 10 a sakan, wato 10 MHz. Tana iya zama ta dutsen kwats mai gyaran zafi da ake kira TCXO, ko ta kwats da aka sa a ƙaramar tanda mai tsayayyen zafi da ake kira OCXO, ko kuma ta rubidiyam.

Ma'aunin tazara, wanda ke auna nanosakan nawa ne tsakanin bugun GPS da bugun da aka samo daga osileta.

Lissafin gyara, wanda ƙaramar kwamfutar cikin na'urar ke yi don yanke shawarar yawan gyaran da za a yi.

Mai juya lamba zuwa ƙarfin lantarki, wanda ake kira DAC. Ƙarfin lantarkin da ya fitar shi ke ƙara wa osileta sauri ko ya rage mata.

Waɗannan sassa suna aiki a zagaye: a auna, a lissafa, a gyara, sannan a sake aunawa bayan sakan ɗaya.

Matsalar da kwaikwayo ke warwarewa

Babban saitin na'urar shi ne tsawon lokacin gyara, wato tsawon lokacin da take tattara awo kafin ta amince da abin da GPS ke faɗa. Idan lokacin ya yi gajere, osileta za ta riƙa bin duk wata rawar GPS, sai a ɓata natsuwar da aka saye ta dominta. Idan ya yi tsawo fiye da kima, osileta za ta kauce saboda zafi ko tsufa kafin gyara ya iso.

Ana iya ganin haka da lissafi mai sauƙi. A ɗauka cewa bugun GPS yana rawa da nanosakan 10. Idan aka auna saurin kaɗawa da shi a cikin sakan 1, kuskuren zai kai kusan 1×10⁻⁸. A sakan 100 zai sauka zuwa 1×10⁻¹⁰, a sakan 1,000 zuwa 1×10⁻¹¹, a sakan 10,000 kuma zuwa 1×10⁻¹². Osileta ta OCXO mai kyau tana iya tsayawa kusa da 1×10⁻¹¹ ko ƙasa da haka tun daga sakan na farko, amma bayan wasu ɗaruruwa ko dubban sakanni sai ta fara lalacewa. Inda layukan biyu suka haɗu, nan ne ya dace a ajiye tsawon lokacin gyara. Ga TCXO wurin haɗuwar yakan kasance a 'yan sakanni ko gomman sakanni, ga OCXO ɗaruruwa zuwa dubbai, ga rubidiyam kuma sa'o'i da yawa.

Neman wannan wuri a kan na'ura ta zahiri aiki ne mai cin lokaci. Zagayen da aka saita a sakan 1,000 yana buƙatar ninkin wannan lokaci sau da yawa kafin ya natsu, sannan a tattara awo na kwanaki kafin a samu sakamakon da za a dogara da shi. Mai gwada saiti 10, kowanne na kwana 3, zai ci wata guda. Bayan haka ma kwatancen ba zai zama na adalci ba, domin zafin ɗaki da yanayin sararin sama na makon farko sun bambanta da na makon ƙarshe. A manhaja kuwa ana ciyar da kowane saiti da bayanai iri ɗaya, don haka duk bambancin da ya fito daga saitin ne.

Yadda ake gina kwaikwayon

Kwaikwayon yana tafiya ne mataki-mataki, galibi sakan ɗaya a kowane mataki. Rana ɗaya matakai 86,400 ce, kwana 30 kuma matakai 2,592,000, adadin da kwamfutar yau ke gamawa nan take. Ana buƙatar jerin lambobi guda biyu: na farko yana nuna kuskuren bugun GPS a kowane sakan, na biyu yana nuna yadda osileta ke gudu idan an bar ta ba gyara.

A kowane mataki manhajar tana cire lokacin GPS daga lokacin osileta don samun tazara. Sai ta miƙa tazarar ga lissafin gyara, wanda ke fitar da lambar da za a aika wa DAC. Daga nan ta haɗa gyaran da saurin osileta na wannan sakan, ta ƙara sakamakon a kan tazarar da ta gabata. A taƙaice:

x(n+1) = x(n) + [y(n) + u(n)] × T

A nan x shi ne kuskuren lokaci, y kuskuren saurin osileta, u gyaran da aka yi, T kuma tsawon mataki. Tushen hanyar shi ne zaton cewa gyaran da ake yi wa osileta ba ya sauya irin hayaniyarta, yana ƙaruwa ne kawai a kanta. Wannan zato yana aiki sosai matuƙar gyaran ƙanƙani ne.

Lissafin gyara da aka fi amfani da shi ana kiransa PI. Yana da ɓangare biyu: ɗaya yana gyara daidai da girman kuskuren yanzu, ɗaya kuma yana gyara daidai da jimillar kuskuren da aka tara. Ɓangare na biyu shi ke koyon ainihin kaucewar osileta. Wasu na'urori suna amfani da matatar Kalman, wadda Rudolf Kalman ya wallafa a shekarar 1960. Ita tana ƙiyasta lokaci da sauri da tsufa a tare, tana auna yawan amincewar da ya kamata a bai wa kowane sabon awo. Sau da yawa ana rubuta lissafin gyaran sau ɗaya, a gwada shi a kwaikwayo, sannan a ɗora shi yadda yake a kan na'urar.

Bayanan awo da bayanan ƙirƙira

Akwai hanyoyi biyu na samun jerin lambobin. Ta farko ita ce awo na zahiri: a kwatanta bugun GPS da wani agogo da ya fi shi natsuwa, kamar na siziyam ko mesa ta haidurojin, na tsawon kwanaki ko makonni, sannan a yi wa osileta haka ita ma. Irin wannan jeri yana ɗauke da duk halayen na'urar, har da waɗanda ba a san dalilinsu ba. Matsalarsa ita ce yana buƙatar agogon kwatance mai tsada, kuma yana nuna na'ura ɗaya ce kawai a wuri ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce a ƙirƙiri lambobin da lissafi. Masana sun kasa hayaniyar agogo, wato rawar da ba ta da tsari, zuwa nau'i biyar: farar hayaniya ta lokaci, hayaniya mai ƙyaftawa ta lokaci, farar hayaniya ta sauri, hayaniya mai ƙyaftawa ta sauri, da hayaniyar yawo ta sauri. Farar hayaniya tana da sauƙin samarwa daga lambobin kaddara na kwamfuta, hayaniyar yawo kuma jimillarta ce. Mai ƙyaftawa ce ke da wuya, domin kowace lamba a cikinta tana da alaƙa da lambobi masu nisa a baya. Hanyar da Jeremy Kasdin da Todd Walter suka gabatar a shekarar 1992 tana cikin waɗanda aka fi bi wajen samar da ita. A kan hayaniyar sai a ɗora tsufa da tasirin zafi. Amfanin wannan hanya shi ne ana iya maimaita gwaji sau ɗaruruwa da lambobi daban-daban, a ga matsakaicin sakamako da mafi muninsa.

Abubuwan da ake sanyawa a samfurin

Kuskuren haƙoran zarto. Na'urar karɓa ba ta iya fitar da bugu sai a kan gaɓar agogon cikinta. Idan agogon yana gudu a 48 MHz, kowace gaɓa kusan nanosakan 21 ce, don haka bugun na iya yin gaba ko baya da kusan nanosakan 10. A kan zane kuskuren yana hawa yana faɗowa kamar haƙoran zarto. Wani lokaci yakan tsaya a gefe ɗaya na tsawon sakanni da yawa, inda ɗaukar matsakaici ba ya share shi. Na'urorin lokaci da dama suna aiko da saƙon da ke faɗin girman kuskuren kowane bugu, kuma kwaikwayo na iya nuna ribar amfani da saƙon.

Ayonosfiya. Wannan ɓangaren sararin sama yana jinkirta sigina, kuma jinkirin ya fi yawa da rana. Samfurin Klobuchar da GPS ke watsawa yana gyara kusan rabin kuskuren ne ga na'ura mai karɓar zango ɗaya. A yankunan da ke kusa da layin tsakiyar maganaɗisun duniya, ciki har da Najeriya da sauran Afirka ta Yamma, sigina takan yi rawa mai tsanani bayan faɗuwar rana, musamman a shekarun da rana ke kan ganiyar zagayenta na kusan shekara 11. Bayanan da aka auna a Turai ko Amurka ta Arewa ba sa nuna wannan hali sosai.

Sigina mai dawowa. Siginar da ta bugi gini ko rufi kafin ta isa eriya tana zuwa a makare. Tun da tsarin taurarin GPS a sama yana maimaita kansa kusan kowace awa 23 da minti 56, wannan kuskure yana dawowa kullum, yana riga na jiya da kusan minti 4.

Matakan DAC. Mai bit 16 yana da matakai 65,536. Idan duka faɗin gyaran osileta ya kai 1×10⁻⁶, kowane mataki zai zama kusan 1.5×10⁻¹¹, wanda ya fi hayaniyar OCXO mai kyau girma. Kwaikwayo yana nuna ko ya kamata a ƙara bit, ko a rage faɗin gyaran.

Jinkirin waya. Wayar eriya ta yau da kullum tana jinkirta sigina da kusan nanosakan 4 zuwa 5 a kowace mita. Wannan bai shafi saurin kaɗawa ba, amma yana karkatar da lokaci idan ba a cire shi ba.

Riƙon ƙwarya

Idan siginar GPS ta ɓace, osileta ce ke riƙe lokaci ita kaɗai har ta dawo. Wannan riƙon ƙwarya yana cikin abubuwan da aka fi gwadawa a kwaikwayo, domin a nan ne kuskure ke taruwa. Kaucewar sauri da 1×10⁻⁹ tana tara maikurosakan 86.4 a rana, ta 1×10⁻¹¹ kuma maikurosakan 0.864. Tsufa ya fi haɗari, domin kuskurensa yana ƙaruwa ne da ninkin lokaci a kan kansa: osileta mai tsufa da 1×10⁻¹⁰ a rana, ko da ta fara daidai, za ta tara kusan maikurosakan 4.3 a rana ta farko, da kusan 17 a ƙarshen ta biyu.

Na'urori masu inganci suna koyon tsufa da tasirin zafi tun GPS na nan, su ci gaba da gyara kansu bayan ya ɓace. A manhaja ana iya yanke siginar a wurare ɗaruruwa na jeri ɗaya, a ga mafi munin sakamako. Ana kuma gwada dawowar sigina, domin na'urar da ta yi tsalle ta koma daidai lokaci guda na iya rikita kayan da ke bin ta.

Wani lokaci kuma siginar tana nan amma ba daidai take ba. A ranar 26 ga Janairu, 2016, yayin da ake fitar da wani tsohon tauraro daga aiki, wasu taurarin GPS sun watsa bayanin UTC mai kuskuren kusan maikurosakan 13 na tsawon sa'o'i, abin da ya tayar da ƙararrawa a cibiyoyin sadarwa, ya kuma shafi rediyon dijital na BBC. A watan Yuli na 2019 tsarin Galileo ya daina aiki na kusan mako guda. Haka kuma lambar mako ta GPS tana komawa sifili bayan makonni 1,024, kamar yadda ya faru a Agusta 1999 da Afrilu 2019. Ana saka irin waɗannan aukuwa a kwaikwayo don a ga ko na'urar za ta gane tsallen ta ƙi bin sa.

Auna sakamako

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne karkatar Allan, daga aikin da David W. Allan ya wallafa a shekarar 1966 yana aiki a hukumar awo ta Amurka da yanzu ake kira NIST. Ma'aunin yana nuna natsuwar agogo a kowane tsawon lokaci, kuma gangaren layinsa yana bayyana irin hayaniyar da ta rinjaya. A shekarar 1981 aka fito da gyararren nau'insa, wanda ke bambance nau'i biyun hayaniyar lokaci. Karkatar Hadamard kuma ba ta damuwa da tsufa mai tafiya a miƙe. Kamfanonin sadarwa sun fi duba TDEV da MTIE, wanda na biyun ke nuna mafi girman kuskuren lokaci a cikin wani tsawon lokaci.

A zane ɗaya akan ɗora layuka uku: na GPS, na osileta ba gyara, da na sakamakon haɗinsu. Idan saiti ya yi kyau, layi na uku yana bin na osileta a gajeren lokaci, ya koma bin na GPS a dogon lokaci, da ɗan ƙaramin tudu a wurin haɗuwa. Babban tudu alama ce ta cewa zagayen yana wuce gona da iri wajen gyara, ko kuma an saita shi nesa da inda ya dace. Manhajojin da ake amfani da su wajen wannan lissafi sun haɗa da Stable32, da TimeLab, da AllanTools na harshen Python.

Amfani

Ƙa'idojin masana'antu ne ke ƙayyade iyakar da ake gwada kwaikwayo a kanta. Tashoshin CDMA an buƙaci su kasance cikin maikurosakan 3 na lokacin tsarin, kuma kada su wuce maikurosakan 10 a riƙon ƙwarya na awa 8. Tashoshin 4G da 5G masu raba zango ɗaya tsakanin aikawa da karɓa suna buƙatar kusan maikurosakan 1.5, in ba haka ba tashoshi maƙwabta su riƙa katse juna. Ƙa'idar G.8272 ta Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya ta sa iyakar nanosakan 100 ga agogon tushe na aji A, da 40 ga aji B. A Tarayyar Turai dokar MiFID II, wadda ta fara aiki a Janairu 2018, ta wajabta wa masu cinikin hannun jari da kwamfuta mai sauri su kasance cikin maikurosakan 100 na UTC. A layukan wutar lantarki masu gudu a 50 Hz, kuskuren lokaci na kusan maikurosakan 31 ya isa ya cinye duka kashi 1 cikin 100 da ƙa'idar awon zamani ta yarda da shi.

Ana kuma amfani da kwaikwayo wajen koyarwa, domin ɗalibin da ba shi da agogon siziyam na iya nazarin zagayen gyara da kwamfuta kawai.

Iyakoki

Kwaikwayo ba ya nuna abin da ba a saka masa ba. Osileta ta kwats takan yi tsalle a saurinta ba zato, kuma takan ɗauki kwanaki kafin ta natsu bayan an kashe ta an kunna. Ƙarfin lantarkin da DAC ke dogara da shi yana sauyawa da zafi, kuma jerin da aka auna ba tare da gyara ba ba ya ɗauke da wannan tasiri. Matakin sakan ɗaya ba ya ganin hayaniyar da ta fi shi sauri, wadda ke da muhimmanci ga rediyo da rada. Agogon kwatance ma yana da tasa hayaniyar, wadda ke shiga cikin awon. Akwai kuma haɗarin a daidaita saiti da jeri ɗaya har ya zama bai dace da wani ba, shi ya sa ake gwada shi a kan jerin da ba a yi amfani da shi wajen zaɓe ba.

Wannan kwaikwayo ya bambanta da na'urorin da ke ƙirƙirar siginar rediyo ta taurari, irin na kamfanin Spirent, waɗanda ake haɗa su da na'urar karɓa ta zahiri. A aikace akan bi matakai uku: a tace saiti a manhaja, a gwada na'urar da siginar ƙirƙira, sannan a auna ta da eriya a ƙarƙashin sama na tsawon kwanaki.

Duba kuma

GPS
Agogon ƙwayar zarra
Karkatar Allan
Matatar Kalman
Lokacin duniya na UTC